Zanen Lakol Ɗin da Na Riƙa Yawo da Shi a Jaka

Lokacin da abin nan ya faru ban cika shekara da gama karatu a Maradi ba. Ni yarinya ce mai shiru-shiru, irin wadda za ta zauna bakin taga tana kallon inuwar gawo har shayinta ya huce, kuma a bayan littattafaina na lissafi akwai ƴan baitocin da ban taɓa nuna ma kowa ba. Na samu aiki a wani ƙaramin buro, wato ofis, na zanen gine-gine a Agiye. Mu uku ne: maigidanmu injiniya, da wani abokin aiki da ya girme ni wanda nake kira Yaya, sai ni. Da yake ni ce sabuwar fitowa daga lakol, wato makaranta, duk abin da ya shafi kwamfuta a wuyana aka rataya shi, ni kuma kunya ta hana ni cewa akwai abin da ban sani ba.

Damuwarmu a lokacin ita ce zane ɗaya sai ya haifi goma. Wannan an rubuta mashi na ƙarshe, wancan na ƙarshe na gaske, har a rasa wanda za a miƙa ma magina. Sai maigida ya kawo wata manhaja mai tsaron zane-zane. Tana zama a kwamfuta ɗaya, sauran su riƙa ɗauka daga gare ta suna mayarwa, ita kuma tana riƙe da rajistar wanda ya taɓa zane, da wanne ne sabo, da wanne ne tsoho. Ya ce in girka ta. Da na duba babbar kwamfutarmu sai na tarar cikinta ya cika. Ina da wani faifan ajiya na waje, baƙi, bai fi tafin hannuna ba, wanda ake jona shi da ƴar igiya. A kansa na girka manhajar da rajistarta da zane-zanen duka. Ta tashi lafiya lau. Ranar na koma gida ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

A gidanmu abu mai daraja ba ya kwana a waje. Innata ko turmi ba ta bari a tsakar gida. A buro ma haka, hatimi da makullai tare da maigida suke tafiya. Don haka kullum in an tashi sai in rufe tagar manhajar, in zare igiyar, in jefa faifan a jakata tare da carbi da man leɓe. Ban san rufe taga ba ya tsayar da ita ba, ashe tana can ciki tana rubuce-rubucenta ko ba a ganinta. Kuma da yake sunansa na waje, sai zuciyata ta ɗauka shi ne ma ajiyar ko-ta-kwana. Ban taɓa yin wani kwafi ba.

A shekarar muka samu aikin ajujuwa uku a wani ƙauye cikin gundumar Gangara. Yaran wurin a rumfar zana suke karatu, kuma kowace shekara sai an jira an gama girbi an samu kara kafin su fara. Iyaye sun ƙwallafa rai a gama ginin kafin buɗe lakol. Da maigida ya je ya ga filin sai ya tarar hanyar ruwa ce, ƙasar kuma rairayi ne, ya ce a canza tushen ginin, a ƙara mashi zurfi da ƙarfe. Yaya ne ya yi gyaran. Wata Alhamis da la'asar ina gaggawar kama mota zuwa Gidan Rumji wajen sunan ɗan ƙanwar innata, na zare igiyar daidai lokacin da yake mayar da zanen da ya gyara. Ya ɗago kai ya ce kwamfutarsa ta tsaya cik. Na ce mashi halin wutar nan ne, na rataya jaka na fita. A mota jakar ta sha matsa tsakanin gwiwata da buhun wake har muka sauka.

Ran Litinin manhajar ta ƙi buɗewa. Zane-zanen suna nan a faifan, amma babu suna ko ɗaya, sai jerin lambobi, domin rajistar da ta san waye wane ta lalace. Na ce masu ana sabunta ta ne, su ɗan yi haƙuri. Kwana uku ina kashewa ina kunnawa, in zauna in miƙe, in leƙa ƙofa ba tare da na san abin da nake nema ba. A rana ta ukun maigida ya kira ni daga hanya, shi da Yaya sun tafi duba wani aiki, ya ce in buga zanen lakol ɗin in ba direban da zai kai ma magini. Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har na samu zane uku masu kama da juna kamar ƴan uwa. Da a ce na kira Yaya, da nan take ya raba mani gardama. Na riƙe wayar, na ajiye, na sake ɗauka. Daga ƙarshe na zaɓi wanda ya fi cika ido, na buga, na naɗe, na miƙa.

Makonnin da suka biyo baya ban san natsuwa ba. In waya ta yi ƙara sai in yi wuf in duba ko daga ƙauyen ne. Tuwo ya koma mani kamar ƙasa a baki. Inna ta tambaye ni ko wani ne ya ɓata mani rai, na ce zafi ne kawai. In hadari ya haɗo daga gabas kowa murna yake, ni kuwa sai in tsaya ina lissafin inda zai sauka.

Bayan wani ruwa mai ƙarfi sai ga maginin da kansa a buro, dattijo ne mutumin Gidan Rumji, da takardar a naɗe a hammata. Ruwa ya rarake ƙarƙashin kusurwa ɗaya, bangon da ya kai ƙugu ya tsage. Ya ƙi kujera, ya shimfiɗa takardar a tebur ya ce, “Injiniya, ni ban iya karatunku ba, amma na san ƙasa. Tun ranar haƙa na ga ramin ga bai kai ba. Sai na ce ma kaina masu ilimi sun fi ni sani.” Maigida ya duba zanen, ya juya ga Yaya, ya fara tuhumarsa da cewa bai yi gyaran ba tun farko. Yaya yana ta rantsuwa, mutum mai iyali, a gaban baƙo. A nan ne bakina ya buɗe. Na ce, “Maigida, Yaya ya yi aikinsa. Ni ce.” Na faɗi komai, tun daga igiyar har zuwa zane ukun. Ba wanda ya ɗaga murya. Dattijon ne kawai ya dube ni ya ce, “Ɗiyata, da kin tambaya mana.”

An kira wani mai gyara daga Maradi, ya ceto mafi yawan zane-zanen. Yana aiki yana tsokanata, wai a garinmu tuge rumbu ake kowane maraice a sa a jaka? Ya bayyana mani cewa irin wannan manhaja faifan cikin kwamfuta take so, wanda ba ya motsi. Na waje yakan yi barci, igiyarsa takan saki, kuma zare shi tana tsakiyar rubutu ya isa ya ɓata rajistar. Amfaninsa shi ne a zuba mashi kwafi a ajiye.

Ba a kore ni ba. An rushe bangon, kuma maigida ya ce ni zan kai zanen gaskiya ƙauyen da hannuna. Ginin bai ƙare ba sai da shekarar karatun ta kusa ƙarewa. Ranar da na sake komawa na tarar iyaye mata suna ta jan kara suna kafa rumfa kusa da tulin bulo. Shugabar lakol ɗin ta ba ni ruwa, ta tambaye ni a hankali ko baɗi dai za su shiga. Da zagina ta yi da ya fi mani sauƙi.

Na rubuto ne saboda ƴan uwana da ake damƙa ma irin wannan amana a ƙananan buro don kawai sun fito daga lakol. Kada ku girka abin da kowa ke dogara da shi a kan abin da ake zarewa. In wuri ya cika, ku ce a ƙara faifan ciki. Ku yi kwafi, ku gwada ko yana buɗewa. Amma abin da ya fi ci mani rai ba igiyar ba ce, wannan rashin sani ne. Wayar nan ce da na riƙe na ajiye. In kun ɓata abu ku faɗa a ranar, tun yana kan tebur bai kai ga siminti ba. Ni na ji kunyar mutum biyu, yaran ƙauye guda suka ƙara shekara a rumfar zana.