Ɗanjuma da Bakin Rumbu

Ɗanjuma ɗan wana Sama'ila ne, ni na goye shi, don haka babu mai faɗa mini halinsa. Allah ya yi shi ɗan ƙarami. A gidanmu na Madarunfa, yaro ake ɗagawa a zura cikin rumbu ya miƙo damman hatsi, maigida na tsaye a waje yana cewa ya isa. Ɗanjuma har ya fara gemu shi ake zurawa, wai shi ne ke shiga ba wuya.

Abin ya ci masa rai, sai dai ba ya magana. Sa'o'insa sun yi aure, wasu na jan mota zuwa Ɗan Issa, shi kuma da wannan rumbu yake auna kansa. Ya tafi cin rani Katsina, ya dawo da katifa da rediyo. Washegari uban ya ce, "Ɗanjuma, hau ka miƙo mana." Ya tuɓe takalmi ya hau. Wallahi ni ce na ji haushi, na yi ta masifa, ko kallona bai yi ba.

Bara damina ta yi gardama. Ana cikin rani kuma ɓarin jikin Sama'ila ya shanye. Ya kira ɗan nasa gaban 'yan gida, da kyar maganar ke fita, ya ce daga yau rumbu a hannunsa yake.

Na zaci zan ga haƙoransa. Ya ce to, kawai. Shi da ke shiga ciki ya san abin da ya rage: ɗan abin da za a shuka ne in ruwa ya sauka.

Da aka kwana biyu uwarsa Saratu ta zo, ta ce tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya, ya fiddo ko dami ɗaya.

"Inna, iri ne," ya ce. "Ba za a taɓa ba."

Ta ce, "Lalle ka girma," ta juya, ƙannensa na biye da ita.

Ya zauna a gindin rumbun. Ba kuka, ba fushi, kamar wanda ke jiran mota a tasha. Can ya ɗago.

"Gwaggo, shi ke nan girman?"

Na ce masa shi ke nan.