Ɗanyen Ganye a Bayan Motar Kaka

Duk lokacin da na wuce ta gaban mai gyaran janareta na bakin layinmu, ƙamshin baƙin mai ya daki hancina, sai in ga kakana. Na ce ƙamshi, ban ce wari ba, kuma ina sane. Ƙawayena su toshe hanci su ƙara sauri, ni kuwa in rage tafiya kamar wadda ta zo wucewa ta gaban mai tsire. A jikin Kaka na fara sanin wannan abu. Ya daina tuƙi tun ba a haife ni ba, amma ko da sabulun duk shagunan Kontagora aka wanke rigarsa, aka shanya, aka goge, to kafin azahar baƙin mai ya fito. Ni dai har yau ina ganin daga cikin fatarsa yake tsattsafowa.

A ƙofar gidanmu, gefen hanya, akwai wata babbar mota mai bodin katako da dogon hanci. Na buɗi ido na gan ta a nan, kamar yadda na ga rijiya da bishiyar dalbejiya. Tayoyinta sun nutse a ƙasa har rabi. Da damina ciyawa takan fito ta cikin katakon bayanta, kabewar Iya, kakata mace, ta hau ta nannaɗe madubi. Da bazara kuwa ƙarfenta yakan yi zafin da in ka ɗora hannu sai ka tuna duk laifin da ka yi a makon. Kajin unguwa a ƙarƙashin kujerar direba suke ƙwai. Mu yara mun je ko'ina a cikinta. Ni ce direba kullum, don na fi kowa baki, kuma na kai yaran layinmu Makka ya fi a ƙirga, na dawo da su kafin a kira mu cin tuwo.

Kaka ya yi aiki ne a kamfanin wani Alhaji na nan garin, wanda motocinsa ke jere a gareji kamar shanu a turke. In yana ba da labari, sai ka rantse duk hatsin da aka taɓa ci a Najeriya shi ya ɗauko shi. Bayan girbi su nufi Rijau su yi lodin dawa har buhu ya wuce katako. A Kumbashi su ɗauko gyaɗa da ƙwarar kaɗanya. Bobi kuwa shanu, su yi ta dukan bodi da ƙafa har a iso. Hanya ba kwalta, da damina laka takan riƙe mota kwana da kwanaki, direba ya ci a ƙauye, ya yi salla a ƙauye, har ya koyi gaisuwa da Kambarci. Da Alhaji ya rasu, 'ya'yansa suka raba motocin, kowa ya sayar da nasa kason, garejin ya koma wurin sayar da katifa. Wannan guda ɗaya ce Alhaji ya ce a bar wa Kaka. Ya ci gaba da jan ta shi kaɗai, har ranar da ta yi tari a ƙofar gida ta yi shiru.

To ga abin da ya sa mutanen unguwa suke ce mana gidan mai ganye. Kowace safiya, in Kaka ya dawo daga masallaci, sai ya karyo rassan dalbejiya ɗanyu shar, ya jera su a gefen hanya, wasu a bayan motar, wasu a gabanta, da tazara, kamar yadda direbobi ke yi in mota ta lalace a daji. Na jiya da ya yi yaushi ya kwashe ya zubar. In akuyoyi suka rage masa aiki kafin hantsi, ya bi su da zagi, ya sake karyo wani.

Na taɓa tambayarsa. Ni ce jikarsa ta fari, don haka amarya yake ce mini, ni kuma ba na raga masa.

Na ce, “Angona, wa kake yi wa gargaɗi? Motar da ko ƙadangare ya daina tsoronta?”

Ya ce, “Amarya, bakinki ya fi birkinki ƙarfi. Ɗanyen ganye magana ce. Yana cewa motar nan lalacewa ta yi, mai ita yana kusa, kada a taɓa. A zamaninmu direba bai isa ya ga ɗanyen ganye ya wuce ba, ko da maƙiyinsa ne. Dole ya tsaya ya leƙa. In gyara ne a gyara, in ja ne a ja.”

Na ce, “In kuma ta mutu fa?”

Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce in je in kawo masa buta.

Baba, mahaifina kuma ɗan Kaka, mai shagon kayan masarufi ne a kasuwa. Ya daɗe yana son a kira 'yan gwangwan su yanka motar su kwashe, amma in ya doso zancen, Kaka ya nuna masa ganye, sai ya koma zancen farashin sukari. Haka aka yi ta tafiya har wata damina da ƙanina, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya kutsa ƙarƙashin motar neman ƙwai. Ya fito yana dariya, abu baƙi yana biye da shi. A lokacin na ba da labarin cewa macijin ya kai tsawon motar har da ɗori. Gaskiya bai kai ba. Amma kumurci ne, kuma da maƙwabcinmu bai zo da fartanya a hannu ba, da wani labarin nake ba ku.

Ranar ce na fara jin Baba ya ɗaga murya a gaban mahaifinsa, ita ma ba sosai ba. Ya durƙusa a zaure, hularsa a hannu, ya ce, “Baba, don Allah. Yau Allah ya tsare. Gobe fa?”

Kaka ya rungume ƙanina. Washegari da safe ya sa aka nome ciyawar ƙarƙashin motar, aka zuba toka, sannan ya je ya karyo ganyensa ya jera. Baba ya tsaya yana kallo, ya juya ya shiga gida ko karyawa bai yi ba. Daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su. Gidanmu da ba a jin kiran salla don surutu ya koma kamar ajin da hedimasta ya shigo.

Iya ce ta gane inda abin ya maƙale. Ina tsince mata shinkafa na ji tana ce wa Baba, “Kai ɗan kasuwa ne. Ko shekara za ka yi kana cewa motar nan ta mutu, ba zai ji ba, don a wurinsa ba ka da bakin faɗa. Shi ma ya sani sarai. Amma direba ba ya yanke wa motarsa hukunci da kansa, sai wani direban ya leƙa ya faɗa. Wa ya tsaya masa tun da ya fara zuba ganyen nan?” Babu. Tireloli da tankoki suna wucewa ta babban titi ba dare ba rana, ba wanda ya taɓa ko rage gudu. Sai Iya ta ba wani mai sayen dawa saƙon baki zuwa Rijau, wurin wani tsoho da suka yi aiki tare da Kaka a kamfanin Alhaji, wanda ya daɗe da komawa gona.

Tsohon ya zo wata ranar Litinin da hantsi, don ya ce Lahadi yana coci. Jikansa ne ya goyo shi a babur. Ɗan siririn tsoho ne, da tabarau mai kaurin gindin kwalba, in iska ta yi ƙarfi sai a riƙe shi. Tun daga nesa muka ji yana dukan bayan jikan nasa yana cewa, “Tsaya! Ba ka ga ganye ba? Wa ya koya maka tuƙi?” Bai yi sallama ba, bai tambayi mutanen gida ba. Ya sauka a daidai reshen farko, ya tako a ƙafa, ya ɗaga murya da Hausarsa mai gishirin yarensu na Dukanci.

“Ina direban motar nan?”

Kaka yana kan tabarma a zaure. Ban taɓa ganin ya miƙe da sauri haka ba, ko sandarsa bai nema ba.

“Ga ni. Wane makaho ne ke tambaya?”

“Makahon da ya ja ka daga lakar Kumbashi kana kuka. Me ya same ta?”

“Ban yi kuka ba, hayaƙi ne. Tari ta yi ta tsaya.”

“Buɗe mu gani.”

Sai da Baba da jikan suka haɗa ƙarfi kafin murfin injin ya ɗagu, wata kaza ta yi tsalle ta fito tana tsine mana. Tsofaffin biyu suka zura kai ciki. Ni na ɗauka minti biyu za a yi, don ko ni da ban san komai ba na ga tsatsa ta cinye injin kamar gara ta samu littafi. Amma baƙon nan bai yi mata duban raini ba. Ya shafa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya zaro sandar gwada mai ya shinshina, ya sa aka riƙe shi ya hau ya taka kuloci. Yana yi suna zancen mutanen da ban sani ba, wane ya rasu, wane ya makance, wane yana Yawuri wurin 'yarsa. Har rana ta take tsaka. Can ya sauko, ya goge hannu a wandonsa, ya cire tabarau.

Ya ce, “Direba, ba gyara, ba ja. Ta gama aikinta.”

Kaka ya ce, “Ka duba da kyau?”

“Na duba kamar tawa.”

“To. Na gode da ka tsaya.”

Ya sunkuya da kansa ya fara tsince rassan ɗaya bayan ɗaya. Baba ya matso zai taya shi, Kaka ya ɗaga masa hannu. Ya ce direba ne ya zuba, direba ne zai kwashe, don in aka bar ganye a hanya bayan ba mota, an yi wa na baya ƙarya. Da ya gama ya miƙa wa Baba rungumar ganyen ya ce, “Ka kira mutanen naka.” Iya ta dama fura, tsofaffin suka sha a zaure suna musun wanda ya fi wani iya juya mota a kan gada.

Ranar da 'yan gwangwan suka zo da wutarsu, Kaka bai ɓuya ba. Ya zauna a kujera yana nuna musu inda za su fara yanka. Ni ce na shige ɗaki na toshe kunne, ni mai baki. Kaka bai wuce damina biyu ba a duniya bayan haka, amma a cikinsu ya fi yawan dariya, kuma shi da Baba sun koma cin abinci a kwano ɗaya.

Yanzu wurin shago ne, ana cajin waya. Motocin da ke wucewa sun ninka ta Kaka girma, direbobinsu ba su san sunan juna ba, in mota ta lalace waya suke bugawa. Kwanan baya muna cikin bas za mu biki, muka hango ganye jere a kan hanya. Direbanmu bai rage gudu ba, ƙarawa ma ya yi, ya ce yanzu ba a sanin wanda ya zuba, ko mai neman taimako ne ko mai jiran ka tsaya. Ban ga laifinsa ba, ni ma addu'a nake yi. Amma da muka wuce na waiwaya ta gilashin baya. Akwai mota, akwai wani dattijo zaune a inuwarta, yana bin mu da kallo har muka sha kwana.