Jan Biro a Takardun Ƙosai

Wata Asabar ce da hantsi, cikin hutun da na gama aji shida na firamare, Inna ta zazzage buhun tsofaffin littattafan rubutu a tsakar gidanmu na Samaru ta ce in zauna. Ƙosai take soyawa a bakin titi, da waɗannan takardun take ƙunshe wa masu saye, wani dattijo ne ke bin gidaje yana tattaro mata su. Aikina shi ne in bi shafi-shafi in cire duk inda aka rubuta aya ko sunan Allah, don kada mai ya taɓa shi. Na tsani aikin nan. Ni da ba na iya zaman minti biyar wuri ɗaya, ga shi ina jiyo muryar ƙawata Rifkatu a waje ana 'yar gala-gala.

Ran nan kuma sai Inna ta ƙaro mini wani. Ta ce in riƙa karanta sunan makarantar da ke bangon kowane littafi, in ware na ƙaramar sakandaren gwamnati da ke kusa da mu, in ware na wata da ke Sabon Gari. A ta kusa da mu aka ba ni gurbi, ni da Rifkatu. Amma Gwaggo Asabe, yayar babana da ke Dogarawa, ta dage cewa ta Sabon Gari ta fi karatu, za ta nema mini wuri in koma gidanta da zama. Inna ta tambayi maƙwabta har ta gaji, kowa makarantar ɗansa yake yabo. Ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata wayo a kan 'ya'yanta, shi ya sa ta ce za ta duba da idonta.

Jan biro take nema. Ba ruwanta da ko an ci ko an faɗi. "In malami ya sa ja, ya duba ke nan," in ji ta. Ta dinga buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina leƙe ta kafaɗarta, ko makaho ya san na Sabon Gari sun fi ja. Ta tattara su ta ce sai ta ga buhun mako mai zuwa kafin ta yanke.

Makon nan ban san inda zan sa kaina ba. A aike ni ɗebo ruwa in dawo da rabin bokiti, a ce in tsince wake in bar tsakuwa a ciki. Gidan Gwaggo ba a leƙa ko ƙofar gida, ba kuma wanda na sani a can. Tsoro nake ji, tsoron barin Inna da layinmu. Da na gaya wa Rifkatu, sai ta sato jan biron babanta, malamin firamare ne. Ranar da sabon buhu ya iso, Inna na fita kai markaɗe muka ja littattafan Samaru bayan madafi muka hau aiki. Rifkatu ce ta ce kada mu ba kowa daidai, za a gane, don haka muka kayar da wasu bayin Allah da ba mu taɓa gani ba, har da ɗan sa hannu irin na malamai a ƙasa.

Inna ta dawo ta duba, ta sake dubawa, ta ce ashe buhun farko ne bai faɗi gaskiya ba. Ta aika wa Gwaggo cewa a bar maganar. Na yi ta tsalle har na ture turmi.

Na shiga makarantar da nake so. Ajinmu ya cika har wasu kan taga suke zama, malamai kaɗan ne, suna iya ƙoƙarinsu amma ba mai lokacin bin littafin kowa. A rubuta a allo, mu kwafe, a tashi. Ƙarshen zangon farko Inna ta ce in kawo littattafaina. Ta bi su da yatsunta masu maiƙo tun daga bango har bango, ba ja ko ɗigo. Na tsaya ina jiran duka. Sai ta rufe na ƙarshen a hankali ta ce, "Ni ce ban iya dubawa ba. Da na yi boko da ban cuce ki ba." Lokacin an riga an ba wata gurbin Sabon Gari.

Yanzu a waya iyaye ke gwada makarantu, a turo sakamakon wannan a turo na waccan, a yi ta musu, ni ma ina cikinsu saboda 'yata ta kusa gama firamare. Sau da yawa ina kewar yadda Inna ke zama a tabarma ta bi abu da idonta ba ta jiran a gaya mata. Ta tsufa, ta daina suya, kuma duk sanda aka tayar da maganar makaranta a gabanta sai ta ce a tambayi masu boko, ita ta taɓa zaɓa ta yi kuskure. Ba ta yi kuskure ba, kuma har yau na kasa gaya mata.