Aibin Kwaleji a Bakin Turke

Cikin duk ranakun da na yi a ofishin ɗaukar ɗalibai, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da Provos ɗinmu, wato shugaban kwalejin, ya tsaya a gaban bijiminsa ya tona asirin kwalejinsa da bakinsa. Ku da kuka zo aiki daga baya kun tarar ana kirana Dillali, kuna ta tambayar juna ko na taɓa sayar da awaki. Ban taɓa ba. Ku gyara zama ku ji inda sunan ya samo asali.

Kwalejinmu ta koyon aikin lafiya ce, mai zaman kanta, a tsakiyar gonaki a kan hanyar Ɗanbatta. Ga wanda bai san tsarin irin waɗannan makarantu ba, kowane kwas sai hukumar da ke kula da sana'ar ta turo mutanenta sun duba malamai da kayan aiki, sannan ta ba da amincewa. In babu amincewar nan, ɗalibi zai gama karatunsa tsaf, amma ba za a bar shi ya zauna jarrabawar hukuma ba, kuma ba shi ba lasisi. Wanda ba shi da lasisi kuwa, ko a ƙaramin asibitin ƙauye ba za a ɗauke shi ba. Shi ya sa ƙa'ida ta wajabta wa kowace kwaleji ta bayyana wa mai neman shiga matsayin kwas ɗin da ya zaɓa, da inda zai yi koyon aiki, da halin da ɗakin kwana yake ciki, tun kafin ya yi rajista.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama cirar gyaɗa, muka buɗe sabon kwas na awon jini da gwaje-gwaje. Tsohon kwas ɗinmu na lafiyar al'umma yana da amincewa cikakkiya. Sabon kuwa, mun dai rubuta wa hukuma, ba ta zo ba tukuna.

Provos, wanda shi ne kuma mai makarantar, ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Tsohon ma'aikacin lafiya ne da ya yi ritaya ya zuba duk abin da ya tara a ginin nan, kuma har cikin ransa ya yarda amincewar tana nan tafe. Sai dai ya san in iyaye suka ji “ba a zo ba tukuna”, ajin zai zama kango. Don haka ya sa aka buga bayanin da Turanci mai nauyi, da rubutu ƙanana, aka manna a can saman allon sanarwa, inda sai mutum ya taka benci zai karanta. Sannan ya kira ni.

“Malam Habu, mun cika ƙa'ida, ko ba mu cika ba?”

“A wurin masu tsawo mun cika, ranka ya daɗe.”

Bai yi dariya ba. Ya ce duk wanda ya tambaye ni maganar amincewa in nuna masa allo, in bai gamsu ba in kawo shi wurinsa, amma ni kada in kuskura in buɗe baki. Na ce to. Ina da iyali, ba zan yi wasa da aikina ba. Amma wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin ni ne zan riƙa kallon idon yaran nan ina buga musu hatimi.

To, akwai abu ɗaya da kowa ya san Provos da shi. Mahaifinsa dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi, kuma babu taron ma'aikata da zai tashi bai gaya mana cewa a gidansu ba a taɓa dawo da dabba saboda an ɓoye aibinta ba. Mun ji wannan magana har mun haddace. Shi kansa yana da bijimi da yake kiwatawa a turke a bayan ofishinsa, yana ba shi harawa da dusa da hannunsa kowace safiya. Mu ma'aikata mukan ce da ma mu ne bijimin.

Wata safiya, baranda cike da iyaye, sai ga wani dattijo ya shigo da 'yarsa. Sunansa Malam Iro, manomi daga wani ƙauye a gefen Bici. Yarinyar, Sa'adatu, ta ci jarrabawarta da kyau, kuma kwas ɗin awon jini take so ba wani ba. Ta ce tun da ta ga yadda ake ɗaukar mata masu ciki daga garinsu a tafi da su nesa don awo kawai, ta ƙudurta ita za ta riƙa yi. Tana magana idonta na ƙyalli.

Malam Iro ya matso ya rage murya. “Malam, tsakaninka da Allah, makarantar nan lafiyarta ƙalau?”

Na tashi na kai su gaban allo kamar yadda aka umarce ni. Ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa. Ya ce shi ajami yake karantawa, wannan kuwa ko da ajami ne sai an ba shi tsani. Sa'adatu ta yi ɗage, ta ce ba ta hango komai sai hatimi.

A nan idona ya faɗa kan hannun dattijon. Tafin ya yi kanta irin ta mai jan igiya, ga guntun harawa maƙale a wuyan rigarsa. Sai wata dabara ta faɗo mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni tun kafin in furta.

“Baba, kana kiwon shanu ne?”

“Tun ina saurayi.”

“In za ka sayi sa a kara, yaya kake yi?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa. “In duba haƙori, in duba kofato, in sa a zagaya da shi. Sannan in kama hannun mai shi a gaban shaidu, in ce ya faɗi aibi. In ya ɓoye, ciniki ya warware, kuma ya gama cin kasuwa a karar nan.”

“To, mai makarantar nan ɗan kara ne, jikan kara. Ni dai an hana ni magana, an ce in kai ka wurinsa. Taho.”

Umarnin da aka ba ni bai ce a ofis ba, ya ce wurinsa. A wannan lokaci kuwa na san inda yake. Da muka bi ta baranda sai na ce wa iyayen da ke zaune, wanda yake son ganin bijimin Provos ya taso, kallo kyauta ne. Kun san mutanenmu da dabba. Kusan kowa ya miƙe.

Muka tarar da shi ya naɗe hannun babbar riga yana dama dusa a baho. Da ya ga taro sai ya haɗe fuska, amma Malam Iro bai ba shi dama ba. Ko gama gaisuwa ba su yi ba ya zagaya bijimin, ya shafa tozo, ya ɗaga leɓe ya duba haƙori, ya ce, “Tubarkalla! Alhaji, wanda ya kiwata wannan ya san abin da yake yi.”

Shi ke nan, an gama da Provos. Fuska ta saki, baki ya ƙi rufuwa. Ya shiga ba da tarihin bijimin, daga nan ya gangara kan mahaifinsa, har ya kai ga maganar da muka haddace: a gidansu ba a taɓa dawo da dabba ba. Ya faɗe ta da ƙarfi, a gaban kowa. Ni ina gefe ina cizon leɓe.

Malam Iro ya ce, “Alhamdu lillahi, na faɗo hannun 'yan gida.” Ya miƙa hannu ya damƙi na Provos, da dusarsa da komai, bai saki ba. “Alhaji, ga shaidu. 'Yata zan ba ka, shekarunta na karatu zan ba ka. Kwas ɗin awon jini take so. Faɗi aibi.”

Provos ya waigo ya dube ni. Ni kuwa a daidai lokacin na gano cewa jelar bijimi abin kallo ce, na ƙura mata ido.

Ya gyara murya. Ya ce famfon burtsatse yakan tsaya in rani ya yi nisa. Ya ce janareta sai an lallaɓa shi. Ya ce ɗakin kwanan mata yana yoyo ta kusurwa ɗaya, kuma motar da ke kai ɗalibai asibiti koyon aiki, turawar da ake mata ta fi tafiyarta yawa. Mutane suna ta dariya, shi ma har ya fara jin daɗin kansa. Duk waɗannan suna cikin abin da ƙa'ida ta ce a bayyana, ban taɓa jin an bayyana su da armashi haka ba.

Malam Iro ya saurara har ƙarshe, hannu na cikin hannu. Ya ce, “Alhaji, waɗannan kaska ce, cirewa ake yi. Abin da ke cikin ciki nake tambaya, wanda ba a gani sai an kai dabba gida.”

Na ga gumi yana gangaro wa Provos ta ƙarƙashin hula. Gaskiya a nan dariya ta ɗauke mini, tausayinsa ya kama ni, don na san abin da ajin nan yake nufi a wurinsa. Na kuma san in ya ce babu komai, yarinyar nan za ta dawo teburina in buga mata hatimi, ba yadda zan yi.

Ya daɗe yana kallon hannunsa a cikin na manomin. Sannan ya ce, “Akwai. Kwas ɗin da take so, hukuma ba ta amince da shi ba tukuna. Mun nema, muna sa ran zuwansu.”

Sa'adatu ta matso daga bayan mahaifinta. “Baba, in na gama ba su zo ba fa? Ko suka zo ba su amince ba?”

“Ba za ki zauna jarrabawarsu ba, 'yata. Babu lasisi. Takardarmu kawai za ki riƙe.”

“Wancan na lafiyar al'umma fa?”

“Wancan lafiya lau. A kansa ko rantsuwa sai in yi.”

Idonta ya cika da ƙwalla, ta juya baya ta goge da gefen hijabi. Malam Iro bai yanke mata hukunci ba. Ya ce ita za ta yi karatun, ta ji da kunnenta, ta zaɓa. Sa'adatu ta ce a sa ta a na lafiyar al'umma. Awon jini ba zai gudu ba, in ta sami lasisi ta ƙaro shi daga baya. Sai a lokacin dattijon ya girgiza hannun Provos ya saki, ya ce, “Na saya. Allah ya sa albarka.”

Ai kuwa sai layi ya kafu. Kowane uba yana son ya kama hannu a faɗa masa aibi. Har azahar Provos yana bakin turke yana maimaita magana ɗaya, muryarsa ta dushe, bijimi ya cinye dusa ya koma lasar masa riga. Da yawa suka mayar da 'ya'yansu tsohon kwas, wasu suka tafi neman wata makaranta. Kaɗan suka ce sun ji sun gani, za su shiga sabon su jira.

Bayan la'asar ya aiko a kira ni.

“Kai ka shirya wannan.”

“Ranka ya daɗe, ka ce in nuna allo, na nuna. Ka ce in kawo shi wurinka, na kawo. Ka ce kada in buɗe baki, ban buɗe ba. Wanda ya buɗe baki kuwa...”

“Fita!”

Washegari aka ɗauke ni daga ofishin ɗaukar ɗalibai aka mayar da ni kula da ɗakin kwana da burtsatse. Zango guda na yi ina bin mai gyaran famfo, Provos ko gaisuwata ba ya amsawa. A can ne ɗalibai suka laƙaba mini Dillali.

Da mutanen hukuma suka zo daga baya, ba su amince ba a zuwan farko. Sun ce kayan ɗakin gwaje-gwaje ba su cika ba, sai an gyara su sake dawowa, kuma dawowar ta ɗauki lokaci. Ku yi tunanin abin da zai faru da ajin cike yake da yaran da ba a gaya wa iyayensu ba. Waɗanda suka shiga da saninsu kuwa, ko ɗaya bai tayar da hankali ba, domin an riga an faɗa musu. A makon da amsar hukuma ta zo aka dawo da ni teburina ba tare da wani bayani ba, aka kuma sauko da takardar nan daidai ido, da Hausar boko da ajami.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, ku ma ku riƙe shi: takardar da muke mannawa a allo hukuma muke yi wa ita, don a ce mun cika ƙa'ida. Mutanen da muke wa aiki kuwa ba allo suke tambaya ba, mutum suke tambaya. In uba ya zauna a gabanku, ku faɗa masa da baki, da harshen da yake ji, ku bar ɗalibin ya yi tambayarsa, tun kafin hatimi ya taɓa takarda. Za ku rasa wasu, amma wanda ya tsaya ba zai dawo yana tsine muku ba.

Sa'adatu ta gama, ta ci jarrabawar hukuma, yanzu tana aiki a ƙaramin asibitin garinsu. Ranar da lasisinta ya fito, Malam Iro ya zo har kwaleji. Bai nufi ofis ba, kai tsaye bakin turke ya wuce, ni kuma na bi shi. Ya sake kama hannun Provos ya ce, “Alhaji, na zo in shaida maka. Na kai gida, na duba ciki da waje. Ban ga wani aibi ba bayan wanda ka faɗa.”

Provos ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba, har sai da dattijon ya yi sallama ya tafi. Sannan ya ɗago, idonsa jajir, ya dube ni ya ce, “Dillali, ni fa har yanzu ban yafe maka ba. Miƙo min bahon dusar nan.”