Hannuna a Cikin Akuyar Gwaggo Borgny

Gwaggo Borgny yayar mahaifina ce, kuma shekara sittin da ɗoriya ita ce ungozomar awakin kwarinmu. Ba wanda ya naɗa ta. Tana da shekara sha huɗu uwarta ta tura mata hannu cikin wata akuya da naƙuda ta gagara, saboda duk gidan ita ce mai ƙaramin hannu, daga nan aikin ya liƙe mata. Likitan dabbobi yana can ƙetaren ruwa, kafin jirgin fito ya kawo shi an gama komai, ko dai ana murna ko ana haƙa rami. Don haka da Fabrairu ya kama, awaki suka fara zuba, sai ka hango ta tana hawa tudu cikin dusar ƙanƙara da bokiti da sabulu da tsohon tawul. In ta shiga gida akuya take fara dubawa, masu gida su jira gaisuwarsu.

Mijinta Torleiv teku ta cinye shi tun 'yarsu Ragnfrid tana goye. Da nonon awaki da jan cuku ta raini yarinyar har ta yi karatu ta tafi birnin Bergen. Mace ce mai rowar yabo. Takan dafa gindin wutsiyar akuya da yatsu biyu, in ta ji jijiyoyin sun saki sai ta ce gobe kafin tsakar rana za ta haihu, kuma hakan za a yi. Wanda ya ɗura wa akuya hatsi har ta yi kitse, cikin ya tsufa ta kwanta ta ƙi ci, yakan sha faɗa, wanda ya yi mata ƙwauro shi ma haka. A wurin Gwaggo akuya ba ta laifi.

Ni kuwa Oddvin, abin da Allah ya ba ni shi ne hannu irin na yarinya 'yar firamare. Mahaifina masunci ne, tafinsa kamar faranti. An ce ranar da na cika goma ya kama hannuna ya juya shi gaba da baya, ya ajiye mini abina, bai ƙara kirana jan taru ba. Samarin bakin ruwa suka sa mini suna Hannun Amarya, sunan ya bi ni har furfura. Na ƙare a gidan waya ina raba wasiƙu, aikin da ya dace da ni, tunda ambulan ba ya jini. Ko kifi aka farke a gabana sai na nemi bango na jingina.

Gwaggo tana da saba'in da takwas amosanin gaɓɓai ya kama ta. Ragnfrid ta gyara mata ɗaki a gidanta na bene, suka yi ta ja-in-ja a waya, har suka tsaya a kan magana ɗaya: ranar da hannun Gwaggo ya kasa karɓar haihuwa, za ta sayar da awaki shidan da suka rage mata ta koma birni. Gwaggo ta yarda don ta ɗauka ranar ba za ta zo ba. Ta taɓa ce mini in aka kai ta hawa na uku, inda ba kukan akuya ba warin bunsuru, ba za ta ga wata bazarar ba. Tun daga lokacin ba a ganin ta sai da safar hannu mai kauri, har a kan teburin kofi, wai sanyi take ji.

Wata Talata da hantsi na kai mata wasiƙa. Ƙanƙara ta zubo daga dutse ta toshe hanya, iska kuma ta hana jirgin fito tashi. Na tarar da ita a ƙofar ɗakin awaki, ko kallon wasiƙar ba ta yi ba, ta ce in shigo in rufo ƙofa. Lykla, tsohuwar akuyarta wadda ta fi so, tana kwance a kan ingirici, wuya a miƙe, tana yunƙuri tana kuka ƙasa-ƙasa. Faya ta fashe fiye da awa ɗaya, ba abin da ya leƙo.

Gwaggo ta sa haƙori ta zare safar. Yatsun sun karkace sun kumbura, babban yatsa ya kwanta a cikin tafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce ta gwada sau uku, hannun ya ƙi dunƙulewa balle ya shiga.

"Cire rigar nan, ɗan nan. Nuna mini farcenka."

"Gwaggo, ni fa kin san ni da jini."

"Na san ka tun kana tsuma a zani. Da babu gara ba daɗi. In za ka suma ka bari sai an gama, akwai wuri can kusa da ƙofa."

Na wanke hannu har gwiwa da ruwan ɗumi, ta sa na shafe shi da sabulu. Na durƙusa a bayan akuya, na tattara yatsu kamar yadda ta nuna, na shiga ina neman gafarar Lykla a zuciyata. Ciki da zafi, da santsi, kuma duk lokacin da ta yunƙura sai in ji kamar ƙofa ta datse mini wuyan hannu. Gwaggo ta zauna a kan kifaffen bokiti ta rufe ido, ta ce in riƙa faɗa mata duk abin da na taɓa.

Na ce ga hanci, ga haƙora, ga kuma kofato biyu. Nan take wani ƙarfin hali ya zo mini. Na taɓa ganin hoto a wata kalanda da na kai wa wani manomi, kai ɗaya a kan ƙafa biyu, haka ɗan akuya yake fitowa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ban jira umarni ba na kama ƙafafun na ja. Lykla ta ƙwala wani kuka da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, Gwaggo kuwa ta kwaɗa mini tawul a ƙeya.

"Wa ya ce ka ja? Ka tambayi ƙafar ko ta wace ce? Bi ta. Bi ta har ka je kafaɗa, ka ga ko wuyan da ke wurin na mai hancin ne."

Na bi ta farko, ta kai ni kafaɗa, ta kai ni wuya, ta kai ni kan da na fara taɓawa. Na bi ta biyu, sai ta yi wani gefen daban. Gwaggo ta ce in lanƙwasa gaɓoɓinta biyu na ƙasa: in gefe ɗaya suka tafi ƙafar gaba ce, in suka saɓa ta baya ce. Suka saɓa. Ashe 'ya'ya biyu ne suka taho ƙofa tare, ɗaya da kai ɗaya da baya, ni kuma ina ƙoƙarin fito da su a matsayin akuya ɗaya. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta.

Sauran aikin na tura baya ne. Ta ce in jira akuya ta huta tsakanin yunƙuri, in mayar da baƙuwar ƙafar a hankali inda ta fito. Sannan in lalubo ɗaya ƙafar mai kan, wadda ta naɗe a ƙarƙashin ƙirji, in rufe kofaton da tafina don kada ya yagi mahaifa, in miƙo ta. Abin da zan faɗa a numfashi ɗaya ya ci mana kusan rabin awa. Gumi yana shiga mini ido a ɗakin da ruwan sha ke daskarewa. Da ta ce yanzu ja, ƙasa-ƙasa, tare da yunƙurinta, sai ga shi ya sulluɓo mini a cinya, laƙwas, ba motsi.

Wannan Gwaggo ba ta bar mini ba. Ta sauko a gwiwa, ta share masa majina da bayan hannu, ta tsokane masa hanci da tsinken ciyawa, ta murje shi da tawul kamar mai wanke tukunya. Ya yi atishawa. Ta biyun, mace, na jawo ta ta ƙafafun baya da sauri don kada ta shaƙi ruwa, ta fito da kukanta. Lykla ta juyo ta hau lasa. Na miƙe don in ce wani abu na maza, na dubi hannuna, daga nan sai na farka kusa da ƙofa, daidai inda aka ba ni.

Ina kwance ina tsara yadda zan ba da labarin a kantin bakin ruwa, har na zaɓi waɗanda zan kalla ido cikin ido. Shekara hamsin ana yi wa hannun nan dariya, yau ya ceci rai uku. Muna cikin gida ina shan kofi mai sukari wayar ta yi ƙara, Ragnfrid ce, ta ji labarin hanya ta toshe. Gwaggo ta kasa ɗaga kan wayar da hannu ɗaya, ta yi mini nuni in ɗauka. Ba ta roƙe ni ba. Kallona kawai ta yi, kuma ban taɓa ganin tsoro a idonta ba sai ranar.

Na ce Lykla ta haihu biyu, sun zo a sarƙe, Gwaggo ta warware su. Na ce ni tawul kawai na riƙe, har suma na yi. Ragnfrid ta yi dariya ta ce wannan kam ta yarda.

Haka muka ci gaba shekara uku. In haihuwa ta rikice a wani gida, Gwaggo takan kori kowa waje, wai ido yana hana akuya yunƙuri, ta ce ɗan nan ya tsaya ya riƙe mata bokiti. A kwarinmu wanda ya karɓi haihuwa shi ake kai wa dafaffen dakashi, nonon farko da aka gasa da sukari. Ita ake kai wa, ni kuma in bi ta ƙofar baya in ci rabona a tsaye kamar ɓarawo. A kanti samarin suka ƙara mini suna, na zama Hannun Amarya mai bokiti. Na ji ciwon abin, ba zan ɓoye ba, amma ina ganin kaina gwanin riƙe sirri, wannan yana ɗan rage mini zafi.

Ta rasu a gadonta cikin watan Mayu, taga a buɗe, awaki suna kiwo a tudun bayan gida. A coci fasto ya yabi hannuwan da suka yi aiki har shekara tamanin da ɗaya, ni kuma na tura nawa cikin aljihu ina jin kaina wani babban mutum. Bayan an binne ta Ragnfrid ta ja ni gefe. Na fara shirya fuskar da zan yi in ta tambaya.

"Oddvin, ni nake ɓalle mata maɓallin riga duk Kirsimeti. Matar da ba ta iya riƙe cokali ce za ta juya ɗan akuya?"

Na ce to tun yaushe ta sani. Ta ce tun wayar farko, don in na yi ƙarya muryata sirancewa take yi. Ta ce ba ita kaɗai ba, duk kwarin sun sani, mai riƙe bokiti ba ya fitowa da hannu ja har kafaɗa, kuma shekara uku wasiƙun mutane suna warin akuya. Samarin kantin ma sun sani, sun ci gaba da tsokanata ne don kada Gwaggo ta gane.

Na tambaye ta me ya hana ta zuwa ta ɗauki uwarta, tunda ga alkawari.

"Ta tafi tana ganin ta yi mana wayo duka," in ji Ragnfrid. "Ai shi ya riƙe ta shekara ukun nan."

Ta share ido da bayan hannu, ta ce awakin suna can ba wanda ya tatse su tun safe, in ba zan suma ba in wuce mu je.