Ƙafar Baba Sambo

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Sambo ya tashi zai tafi da molonsa ba. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin ɗakin ɗaukar waƙa a Bagudo. Aikina jona wayoyi da kunna na'urar ɗauka. Oga Nasiru, mai wurin, shi ke haɗa kiɗa a kwamfuta.

Baba Sambo tsohon masunci ne daga Kaoje. Waƙarsa mai ratsa zuciya ce, irin wadda Oga ke kira bulus, wato waƙar jimami a Turance. Oga yana so ya ɗora ta kan kiɗan na'ura mai sanyi, wanda ake barin shuuu ɗin tsohon kaset a ciki da gangan. Hannun Baba ya fara rawa saboda tsufa, kuma ba a taɓa ɗaukar waƙarsa ba. In ya tafi, shi ke nan.

Ƙa'ida ita ce a saki gangar na'ura a kunnen mawaƙi, ya bi ta. Amma Baba da tafiyar kwalekwale yake kiɗa: ya ja, ya saki, ya ja. Gangar kuwa ba ta jiran kowa. Aka yi ta sakewa har Baba ya tuɓe abin kunnen, ya miƙe zai tafi.

"Nasiru, wanga makaɗin naka ba shi da ladabi. Ni zan bi shi?"

Ni mutum ne mai tsoron kada wani abu ya wuce ni, shi ya sa kullum nake ajiye makirfo na biyu a ƙasa. Oga ya sha yi mini dariya a kan haka. Na ce, "Oga, don Allah a saurari na ƙasan."

Muka kunna. Sai ga dugadugin Baba yana dukan katako, dum, dum, daidai da molon duk inda ya karkata. Oga ya goge gangar na'ura, ya ƙara wa dugadugin nauyi, ya shimfiɗa shuuu ɗin a ƙasa.

Baba ya saurara, ido rufe. "Yauwa! Wa ka samo mini?"

"Ƙafarka ce, Baba," in ji ni.

Ya duba ta ya ce, "Ashe tare muke tun ƙuruciya, ban taɓa gaishe ki ba." Ya koma ya zauna, ya ɗauki molo.

Ku sabbin shiga, a wannan aiki na'ura ce ke bin mutum. Makirfon ƙasa kuwa, tun daga ranar, Oga da kansa ke tambaya ko na ajiye.