Mai Jinyar Gidanmu

Warin jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, shi ne ya tare ni ranar da na fara shiga sabuwar makarantar koyon aikin lafiya da aka gina a bayan garin Madawa. An goge daɓe da shi, ga fenti bai gama bushewa ba, ga 'yan itatuwan dogon yaro an kewaye su da ƙaya saboda awaki. Kowa yana yaba gini, ni kuwa sai na ja da baya. Kada ka ce ƙyama ce, ko da yake ina da ita, kuma za ka ji. Warin nan shi ne warin zanen Yayata lokacin da muke yara.

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, a wani ƙauye kan duwatsu tsakanin Keita da Buza. Yaya ta girme ni kaɗan, aji ɗaya ne tsakaninmu a lakkwal, wato makarantar boko. Ta fi ni kai nesa ba kusa ba, wannan ko maƙiyinta ya sani. Ni baki gare ni. In an aike mu rijiya, ni ce mai faɗa da 'yan layi, ita ce mai jan wasaki. In Kaka, mahaifiyar Baba, ta yi kaki a kaskonta, ni kan toshe hanci in ruga waje, Yaya ta ɗauka ta zuba toka ta kai bayan gida, ba ta ko ɓata fuska.

Shekarar da Yaya za ta yi jarrabawar sartifika ta gama firamare, bayan an gama ɗaure damman hatsi, ƙaya ta soki Kaka a dunduniya. Aka sa magani na gida, aka ɗaure. Wuri ya ƙi kamewa, ya zama gyambo, har ta kasa takawa. Baba ya ce sai likita a Madawa.

To ka san yadda abin yake a wurinmu. Ba a kwantar da mutum shi kaɗai. Ma'aikata su yi allura su wanke ciwo, amma dahuwa da wanki da ɗaukar fo na bayan gida da juya majinyaci, duk na mai jinya ne, kuma daga gida ake zuwa da shi. Inna ba ta iya tafiya: tana da goyo, kuma tana aikin jera duwatsu a kan tudu inda ake biyan masu aikin da abinci, abincin da muke ci ke nan a ranin. Sai aka dubi mu biyu. Dubawar ba ta daɗe ba.

Baba ya ce, "Babbar za ta tahi. Ita ad da hanƙuri. Wagga ƙaramar kashe muna tsohuwa za ta yi da baki."

Aka yi dariya, har da ni. Mushen lakkwal, wato malaminmu, ya zo har ƙofar gida ya yi magana, Baba ya ce masa ai 'yan kwanaki ne, in ma ta rasa bana, ga baɗi. Aka shimfiɗa tabarma a amalanken jaki, aka kwantar da Kaka, Yaya ta zauna gefenta da tukunya da buta da 'yar jakar gero. Allonta na lakkwal ta miƙo mini ta ce in riƙe mata.

'Yan kwanakin nan sai da suka cinye rani kaf. Sau ɗaya Inna ta kai ni ganinsu, ranar kasuwa. Na iske Yaya ƙarƙashin itacen bedi a farfajiyar likita, wato asibitin, cikin manyan mata masu jinya, kowace da murhunta na duwatsu uku. Ta rame, hannuwanta sun yi fari sun tsage saboda jabel. Tana dama wa Kaka kunu tana tambayata inda aka kai a lissafi. Kaka ta dafa kanta tana sa mata albarka, ta ce yarinyar nan hannunta sanyi gare shi, Allah ya ba ta masu yi mata. Ni kuwa ina bakin ƙofa, ina numfashi ta baki, na ƙagu mu tafi.

Sun dawo ana gyaran gonaki, Kaka tana dogara sanda, jarrabawa ta wuce. Baɗi ta zo, sai Kawu ya karye a rijiya. Wa za a tura? Ai an riga an san mai hannun. Haka abin yake a gidajenmu: in aka gane ki sau ɗaya, ke ce har abada. Haihuwar wannan, baƙon dauron wancan, ciwon ajalin Baba, duk Yaya. Ni na ci sartifika da allonta, na wuce kolej, na zama malamar lakkwal a Madawa. Ana cewa dokin mai baki ya fi gudu, to ni a kaina na gani.

Ban yi mata ƙarya ba, ban yi mata makirci ba. Da ma na yi, da na durƙusa na roƙi gafara na huta. Abin da ke cina shi ne halina marar kyau ya cece ni, nata mai kyau ya ɗaure ta, kuma na ci gajiyar hakan shekara da shekaru ina ƙoshi. Wannan ban san yadda ake neman gafararsa ba.

Bana ɗiyar Yaya ta ci jarrabawar shiga sabuwar makarantar nan. Yarinya shiru-shiru, sak uwarta. Ana saura kaɗan a buɗe, Inna ta faɗi a madafa, ɓarin jikinta ya shanye. Yaya kuwa bayanta ya riga ya gama aiki wajen ɗaga mutane, ko tulu ba ta iya ɗauka. Muka taru a zauren gida, babban wanmu ya gyara zama ya ce, "Yarinyar ta dakata bana. Ta ɗauko hannun uwarta. Ba jinya za ta koyo ba? Ga jinya gida. Makaranta kau ba gudu take ba, ga baɗi."

Wallahi sai na ji kamar Baba ne ya tashi daga kabari. Na dubi Yaya, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Na dubi yarinyar, ita ma haka. Na san ba wadda za ta ce uffan, ba su iya ba. To bakin nan nawa da ya cece ni, ranar nan dai ya yi wa wani amfani. Na ce, "Baɗin ga na san ta, ba ta zuwa. Ni ka jinyar Inna. A sa min ita mota."

Wanmu ya yi dariya ya ce ke da kasko ke kora? Na ce eh, ni ɗin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yanzu Inna tana ɗakina a Madawa. Ina gyara ta kafin in tafi aji, in dawo da rana in juya ta, maƙwabciyata tana leƙa mini ita. Ba zan yi maka ƙarya ba, har yau ƙyamar tana nan, kuma Inna da bakinta da ya karkace takan ce hannuna kamar na mai sussuka. Ina yi dai.

Ranar da na ce maka na ji warin jabel, ni da Yaya ne muka raka yarinyar da akwatinta. Wata malama ta zagaya da iyaye. Ta kai mu wani ɗaki mai gadaje, da mutum-mutumi kwance an lulluɓe shi, ta ce nan ake koya musu juya majinyaci da yi masa wanka a kan gado. Yaya ta matsa a hankali, ta shafa zanen gadon, ta ja gefen da ya tattare ta gyara shi, don hannunta ba ya iya ganin haka ya bari. Sannan ta juyo ta tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Wanga aiki, in sun ƙare, takarda aka ba su?"

Na ce eh, har da albashi.

Ta jinjina kai. Ba haushi a fuskarta, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Ashe ana ba da takarda."

Zamani ya sake, abin da aka ɗora wa Yaya da sunan haƙuri yau gini aka yi masa, da fararen riguna. Na ji daɗi don ɗiyarta, Allah ya sani. Amma a hanyar komawa tasha ban iya duban Yaya ba, sai na karɓi ƙullin kayanta na ɗora a kaina, ita kuma ta bar ni na ɗauka.